Giɓin Matata

Wata ƙara ce ta tashe ni, ƙas, ƙas, kamar ɓera yana gwada haƙoransa a jikin kwalba. Na haska akwatin da nake tara ƙusoshin rediyo, ba komai. Da na haska gado sai ga matata tana barci, sabon haƙorin roba da aka sa mata yana bugun na ƙasa.

'Yarmu ta fari, wadda ta zo mana hutu, ita ta kai ta wurin likita, ba wanda ya shawarce ni. Tun tana yarinya matata ke da giɓi a gaba. In ta ce "sannu", sai wani siririn fito ya biyo bayan kalmar. Ni mai gyaran rediyo ne, kunnena ya san tasha in ta kama. Da fiton nan nake gane ta a kasuwa, da shi nake barci.

Da safe na yi magana. 'Yar ta ce in ji tsoron Allah, ban ga uwarta ta koma yarinya ba? Na ce ni dai an kawo mini matar wani, an toshe mini wushirya. Ta ce giɓi sunansa, wushirya daban, kuma ai kowa ya san Baba da son abin da ya lalace, ga agogo mai tafiya da baya, ga kyanwa mai ido ɗaya.

Ashe uwar tana ji. Ta jingine tsintsiya.

"Wato cikin tarkacenka ka sa ni, malam?"

Ko ɗigon fito babu. Sai ka ce mai karanta labarai.

Na yi ta inda-inda, har na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da ta kawo mini gyaran rediyon babanta, tana budurwa, ta ce "sauti ba ya tashi sosai", na ji fito uku a jere. Cikin minti biyar na gyara shi, amma na riƙe shi mako uku don ta riƙa dawowa tambaya.

Ta ɗauki tsintsiyarta.

"Shekara arba'in ina rufe baki da hannu in zan yi dariya, kana gani. Sai yau naka bakin ya buɗe?"

Kwana biyu ba ta kula ni ba, sai ƙas, ƙas.

Rana ta uku da hantsi ina shagona na ƙofar gida, na ji ana korar kyanwa a tsakar gida, da fito. Na shigo ba takalmi, 'yar ta fito daga ɗaki da cokali a hannu. Matata tana ta shara, ba ta ko ɗago ba. Sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga, da wani farin abu tsakanin yatsunta, wai a kwanon ruwan kajinta ta tsince shi.

"Ku kuwa, haƙorin waye wannan?"