Yatsun Mai Wanki

Shekara ashirin ina rubuta wa mutane takardar neman afuwa a bakin kotu, sai ran nan wata mai wanki ta zo. Ɗanta ɗaya tal, ya ture wani a faɗa, mutumin ya bugu da dutse ya cika. Ranar Alhamis za a rataye shi. Jirgin da ke kai wa gwamna takardu kuwa zai tashi ƙarfe sha biyu, ba wani sai mako mai zuwa.

Na rubuta, na zuba duk magiyar da na iya. Saura abu guda, doka ta ce sai uwa ko uba ya dangwala.

Ta dangwala. Baƙin tabo kawai ya fito, ba layi ko ɗaya. Sabulu da ruwan toka sun shafe mata zanen yatsa sumul.

Akawun kotu, wani mai taurin kai kamar ƙusa, ya turo mana takardar. "Wannan ɗigon tawada ne, ba yatsa ba."

Na sake rubutawa. Muka gwada hagu. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, takarda uku ta lalace, agogon kotu ya buga sha ɗaya da rabi.

Ta durƙusa tana goga yatsanta a siminti har ya yi jini.

"Iya, ki bari, ƙara ɓata shi kike yi."

"Malam, da hannun nan na ciyar da shi," ta ce. "Yanzu kuma shi zai kashe min shi?"

Wallahi tsoro nake ji, don na san hukuncin jabu, ni nake rubuta wa masu yinsa takarda. Amma na jawo takarda ta huɗu, na juya baya, na dangwala nawa a ƙarƙashin "mahaifiyarsa".

Akawu ya san babban yatsana, akwai tsohon yankan wuƙar fiƙe alƙalami a tsakiya, ga shi nan ɓaro-ɓaro a takarda. Ya dube ni. Ya dubi jinin da ke ɗiga a zanenta. Ya buga hatimi.

An mayar da hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin yau, ni zai tarar a gurbin uwa. Ita da ta haife shi, ko layi ɗaya ba ta bari ba.