Jinin Husseina

Inusa mahauci ne a babbar kasuwar Sokodé, a ƙasar Togo. Tagwaye mata Allah ya ba shi, Asana da Husseina. Suna 'yan shekara goma sha ɗaya Asana ta fara shan ruwa ba ƙoshi, tana ramewa. Kafin a gane ciwon suga ne irin na yara, ta suma, ba ta sake farkawa ba.

Bai yi kuka ba. Bayan sadakar bakwai ya saka Husseina a mota zuwa Dapaong, wurin yayarsa Adiza. Ya ce wa matarsa lekol ɗin can, wato makaranta, ta fi kyau. Gaskiyar ita ce ba ya iya kallon fuskar nan mai kama da ta Asana. Ya koma kan tebur yana sara nama, mai saye ya yi ciniki ya ce to, ya rage ya ce to.

Wata safiya Rashid, ma'aikacin jinyar da ya riƙe Asana a ranarta ta ƙarshe, ya tsaya gaban teburin.

"Baba Inusa, gwamnati ta ware kuɗi don a binciki ciwon nan. Ana neman 'yan'uwan yaran da suka kamu, a duba jininsu. Wanda aka ga alama a jikinsa, akwai maganin da ake gwadawa, ko zai jinkirta ciwon. Har Dapaong ana yi."

Inusa ya goge wuƙa a tsumma.

"Yaushe aka ware kuɗin?"

"Bana."

"To."

Ranar Juma'a bayan masallaci ya shiga mota. Sun wuce Kara, sun tsallaka kogin Oti a Mango, yaran tasha suna tura kifi ta taga. Bai sayi komai ba.

Adiza ta tare shi a zaure. "Inusa, yarinya lafiyarta lau za ka kai a tsotse mata jini? Ni abin da ba a nema ba, ba na son a tono shi."

"Yaya, Asana ma lafiyarta lau take."

Husseina ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ta yi tsawo. Ya amsa yana kallon takalminta.

Aka ɗebi jinin a asibiti, ya zauna a gidan Adiza har sakamako ya fito. Likitar, wata 'yar ƙabilar Moba mai Hausar kasuwa, ta yi magana a hankali. Alamar tana nan. Ciwon bai fara ba, amma yana hanya. In sun yarda, za a riƙa saka wa Husseina ƙarin ruwa. Wasu yaran maganin za su samu, wasu ruwan gishiri kawai, kuma ita kanta likitar ba za ta san wanne ne ba sai an gama binciken.

Inusa ya jira ya ji tsoro ko fushi. Babu abin da ya zo. Fanka kawai yake ji tana juyawa.

"Ke me kika ce?" ya tambayi 'yarsa.

"In ka ce a yi, a yi, Baba." Sai ta ƙara da cewa, "Da an duba Asana haka, da tana nan?"

"Ban sani ba."

Ya ce wa likita a yi. Ya zauna gefen gadon lokacin da aka soka allurar farko, Husseina ta damƙe hannunsa, ya bar mata shi.

Washegari ya koma Sokodé shi kaɗai, don dole ta zauna kusa da asibitin.

Yanzu shekara ta zagayo. Husseina tana zuwa lekol, ciwon bai taso ba. Ko maganin ne, ko lokacinsa ne bai yi ba, babu wanda ya sani. Adiza takan kira ta ce yarinya tana cin tuwo sosai, ta miƙa mata wayar. Husseina ta ba shi labarin jarrabawa, ya saurara har ƙarshe.