Rubutun Likita

Tun damina wani kumburi ya fito wa Malam Attahiru na Bodinga a ƙarƙashin kunne, bai fi goro ba. Kafin kaka gefen bakinsa ya fara karkacewa. Mutumin da ya shekara talatin yana karantar da Alƙur'ani, yau ga harafi na kuɓuce masa a gaban ɗalibai. Wannan ya fi ciwon tayar masa da hankali.

A asibiti wani likita Ba'indiye ya soka masa siririyar allura, ya zuƙo ɗan ruwa, ya shafa a kan falle biyu na gilashi, ya yi rubutu a gefe. Tafinta ya ce ciwon a ma'ajiyar miyau yake, kuma wani irin ciwon daji ne ake zargi wanda ba a cika gani ba. Sai an duba gilashin a Zariya za a san ko aiki za a yi. A shekarar 1983 ne, motar asibiti ba taya, saboda haka Malam da kansa zai kai. Likitan kuwa washegari zai koma ƙasarsu, kuma ba wanda ya iya allurar sai shi.

Malam ya dawo kansa a ɗaure. Ta yaya ɗigon da bai kai hawaye ba zai faɗi abin da ke cikin mutum? Ga shi da zurfin ciki kamar rijiya. Ya ajiye gilashin a kan allunansa, bai ce wa kowa uffan ba, ya tafi garin Shagari neman wanda zai riƙe masa makaranta.

Bayan kwana biyu ya dawo. Atika matarsa, wadda duk rubutun shan da ya fita daga gidan nan ita ke wanke shi, ta tare shi da ƙoƙo, tana murna.

"Malam, ga rubutun likita na wanke maka. Ɗan kaɗan ne, amma har da zuma na sa."

Gilasan na gefe, fes, suna ƙyalli.

"Mi kinka yi, Atika?"

"Ba na sha ba na? Bisa alluna na ishe shi."

Ya dube ta. Tausayinta ya kama shi fiye da na kansa. Ya karɓi ƙoƙon, ya yi bisimilla, ya shanye. Rabin ruwan ya zubo ta gefen bakin.