Tabo a Kuncin Hagu

Gawayin na kuka a kan takarda, ƙir-ƙir, kamar ɓera a cikin kwando. Fofo Degbe ya rufe ido ruf, ya karkace kai, hannunsa na dama yana gudu shi kaɗai yana zane. Ɗakin ya cika da hayaƙin turare, amma turaren bai danne warin ƙafar Mama Akuwabi ba, wadda ta miƙe a kan benci, naɗe da tsumma.

'Yarta Sedami tana tsaye a bakin ƙofa, rungume da jakar magunguna. Likita ya ce ciwon suga ya cinye yatsu biyu. Ranar Alhamis za a cire su, in kuwa aka wuce, ƙafar ce za ta tafi har gwiwa. Mama ta ce ba mai kwantar da ita ya yanka sai ta ji daga bakin mai tsaron bayanta. A duk Kwatano kuwa, Degbe ne ake cewa yana ganin wanda ke tsaye a bayan mutum, ya zana shi.

"Mace ce," in ji shi. "Tsohuwa. Ƙamshin manja nake ji."

Fuska ta fara fitowa: ɗaurin kallabi mai tudu, wushirya, sai wani tabon ƙuna a kunci. Mama ta dafe ƙirji.

"Nana! Uwata ce, Nana Dosi!"

"Ta ce har ta koma, ƙarfe bai taɓa jikinta ba. Ta ce kada ya taɓa naki," in ji Degbe.

"Fofo," in ji Sedami, "ƙafar fa ruɓewa take yi."

Ya buɗe ido ɗaya. "Wace ce wannan mai baki kamar rediyo?"

"'Yata ce. Ta yi karatu."

"Ai na gani. Bayanta wayam, ko kare ba ya binta."

* * *

Mama ta rataye zanen a saman gadonta, ta ajiye masa kofin ruwa da ƙosai biyu a faranti. Washegari Sedami na durƙushe tana wanke gyambon, idonta ya ƙi barin fuskar da ke zanen. A bayan Nana ta girma, a gindin kaskon suya. Tana iya tuna yadda take miƙa ɗan yatsa ta kan kafaɗar tsohuwar ta shafa tabon, inda manja ya taɓa fallatsar mata. Hannun dama take miƙawa. Kuncin dama ne.

Ta zazzage akwati har ta samo abin da take nema: maficin roba mai hoton Nana, irin wanda suka rarraba wa jama'a ranar bikin binne ta, shekara biyu da suka wuce. Mai buga hoton ya juya fuskar, dama ta koma hagu. A lokacin Mama da kanta ta je shagonsa ta zazzaga masa masifa har mutane suka taru. Ga kallabin nan, ga wushiryar, ga tabon a hagu, daidai da na zanen.

Ta ɗauki mafici ta koma gidan Degbe. Mata shida ne a layi a barandarsa, shi kuma yana zaune yana cin tuwon masara da soyayyen kifi.

"Fofo, a wane kunci tabon kakata yake?"

Ya dubi maficin, ya zare ƙaya daga bakinsa. "Ni na aika a kira uwarki? Da ƙafarta ta zo."

"Da ƙafar da za ta rasa! Ka faɗa mata gaskiya, ka ce daga nan ka kwafa. Ko ka ce Nana ta sake magana, ni ban damu ba."

"Ku ji min yarinya. Ƙarya za ki sa ni yi wa matattu?"

Wata mai goyo ta ja tsaki. "Ke, je ki da rashin kunyarki, kada ki kore mana su."

"Irinsu ne ke kai iyayensu asibiti a rage musu jiki," in ji wata. Suka taso mata ca, har sai da ta kai bakin titi.

* * *

Ranar Alhamis da sassafe ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida. Sedami ta haɗa zannuwa da bokiti da takardun asibiti, sannan ta ɗora maficin a cinyar uwarta, ta nuna mata zanen.

"Mama, ki duba da kyau. A dama tabon Nana yake. Wannan mutumin bai ga kowa ba, maficinmu ya gani."

Mama ta daɗe tana kallo. Sedami ta zaci ta yarda, har ta sunkuya ta ɗauko mata takalmi.

"Daga can take kallonmu," in ji Mama a hankali. "Kamar madubi. Dole dama ta koma hagu."

"Ke fa kika zagi mai buga hoton nan!"

"To shi ma ita ta riƙe masa hannu, ni ce ban gane ba."

"Mama, don Allah, yatsu biyu ne kawai."

"Naki ne? Uwata ta zo wurina, kina baƙin ciki. Tun da ta tafi, wa ya taɓa tambayata yadda nake kwana? Ke sai allura da kada ki ci wannan, kada ki sha wancan. So kike in je mata a guntule, ta tambaye ni ina sauran jikin da ta haifa? Fita min daga ɗaki."

Ɗan acaɓa ya yi oda sau uku. Daga nan suka ji ya tayar da babur, ƙararsa ta yi nisa.

Sedami ta zauna a dokin ƙofa da takalmin a hannu. Rana ta ɗaga, ƙudaje suka fara shigowa suna sauka a kan tsumman ƙafar. Mama ta ɗauki maficin tana kora su, fuskar Nana tana kai da komowa, tana murmushi.