Gishirin Bayan Kicin

Firizar Rebecca tana jan mutum. In ta taɓa murfin da jiƙaƙƙen hannu, sai wuta ta fizge ta har kafaɗa. Wata uku tana lallaɓa ta a haka, don da ita take daskarar da zoɓon da take kaiwa kasuwar Zuru. Mijinta Ezekiel tsohon soja ne, abin da bai kai harsashi ba kuwa ba ya ɗaga masa hankali. Sai ranar da wutar ta yar da ita ƙasa ya aika aka kira Nasiruddeen mai gyaran wuta.

Nasiruddeen ya zagaya gidan ya ce babu atin, wato wayar da ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa. Ya zaɓi bayan kicin, inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Marmara ce a wurin, sai da ya yi da diga har ramin ya kai masa ƙugu. Ya kafa sandar tagulla, ya ɗaure mata waya, ya zuba gawayi, ya bi da gishiri kwano biyu, ya kwara ruwa, ya mayar da ƙasa ya tattake. Kafin ya hau babur ya faɗa wa Ezekiel cewa firizar kanta tana da wayar da ta saɓule a ciki, a kai ta gyara. Ezekiel ya ce to, irin to ɗin da ba ta zuwa ko'ina.

Shi dai abin da ya riƙe shi ne gishiri na ƙara wa aikin ƙarfi. Washegari ya sayo buhun jan gishirin shanu, ya juye rabinsa a kan ramin, ya ɗan yayyafa ƙasa. Rebecca ta taɓa firiza, shiru. Ta yi murna ƙwarai, ta saki jiki.

Bayan kicin ɗin nan burtali ne, ta nan wani makiyayi, Yero, ke wucewa da shanunsa zuwa rafi kowace la'asar. Shanu kuwa ba sai an nuna musu gishiri ba. Kwana goma suna tsayawa suna lasa, suna tono da kofato, har kan sandar ya fito fili, wayar ta yi sako-sako. Ba wanda ya leƙa wurin.

Ranar Alhamis, bayan an ɗauke ruwan sama, Yero ya yi sallama a ƙofa. Ya kai Ezekiel bayan gida. Wata farar saniya mai ciki tana kwance a bakin ramin, wayar da ta tsinke na bakinta. Yero bai ma samu ya yanka ta ba.

Ezekiel ya soma shirya bakin ba da haƙuri, Yero ya tare shi.

"Soja, ba wannan ya kawo ni ba. Wutar ga da ta kashe saniya, cikin gidanka take kwana?"

Ta tagar kicin Ezekiel ya hango Rebecca. Ta gama wanke robobi, ƙafarta ba takalmi, ta nufi firiza tana yarfe ruwan hannunta. Da gudu ya zagaya ya kashe babban makunnin wutar gidan, sannan ya zauna a dandamali.

Daga ciki Rebecca ta ce, "Sun ɗauke wuta kuma."