Makullin Kwabar Baba Ernest

Elizabet ta kamo hannun Khairiyya, ta buɗe mata tafi, ta danna makullin a ciki, ta dunƙule mata yatsu a kai.

"Je ki buɗe kwabar. Kin san wanda ake ba shi. Ƙwaya ɗaya kawai, ni ce na sa ki."

Goggo Delu na zaune a bakin ƙofar ɗakin tana kallon su. Tun hantsi ta shigo da kunun gyaɗa, ga shi har an yi azahar kunun ya yi sanyi a kwano ba wanda ya taɓa. A kan gado kuwa Baba Ernest ne kwance, ya juya fuska bango, yana wani irin nishi ƙasa-ƙasa, irin na mutumin da ba ya son a ji.

Bari in gaya muku su wane ne, don kada ku ɓata. Baba Ernest mutumin Kaltungo ne, mai ilmin haɗa magunguna, famasis kamar yadda yaran yanzu ke faɗi. Shagonsa na jikin gidansa a unguwar Jekadafari, katanga ɗaya ta raba su da gidan Delu. Tun Delu na goyo suke maƙwabtaka da shi da matarsa Elizabet, iyayen Jacinta. Idan Sallah ta zo naman Delu ya tsallaka, idan Kirsimeti ta zo cincin ɗin Elizabet ya tsallako. Khairiyya jikar Delu ce, a ɗakinta ta tashi, amma a bakin kantar Baba Ernest ta yi wayo, tana leƙen kwalabe tun tsayinta bai kai kantar ba. Shi ya sa mata son wannan karatu. Ta je jami'a ta yi shekaru biyar, ta gama, aka tara su aka rantsar da su, har Delu ta raba waina a unguwa tana cewa an gama. Ashe da saura. Wai sai ta shekara cur tana koyon aiki a ƙarƙashin mai lasisi, ta zauna jarrabawar hukuma, ta yi bautar ƙasa, sannan a yarda ta riƙe shago da kanta. Wurin koyon aikin ma wahalar samu yake, yara da yawa na zaune a gida suna jira. Ita Allah ya taimake ta shagon Baba Ernest na cikin waɗanda hukuma ta amince wa, ya ɗauke ta. Shekarar ta yi nisa ke nan ciwon daji ya kwantar da shi, ya ci har ƙashi.

Kwabar kuwa ta ƙarfe ce, tana bayan kanta, a nan ake kulle magunguna masu ƙarfi, waɗanda ba a bayarwa sai da takardar likita. Makullinta bai taɓa barin wuyan Baba Ernest ba, a jikin wata baƙar igiyar takalmi. Yau ne Elizabet ta zare shi yana cikin magagin ciwo, don maganin da likita ya rubuta masa ya ƙare da wuri, ciwon ya fi ƙarfin lissafin.

Khairiyya ta tsaya da makulli a hannu, ba ta yi gaba ba, ba ta yi baya ba.

"Mama, babu takarda."

"Takardar me? Shagonsa ne. Maganinsa ne. Da guminsa ya saye shi."

Delu ta kasa haƙuri. Ita dama ba ta iya ganin magana na wucewa ba ta sa baki ba.

"Ke 'yar nan, ba ki jin mutumin nan ne? Duk karatun da kika kwaso, idan bai iya ba maƙwabci ƙwaya ɗaya ba, to na mene ne? Na rataya farar riga?"

Sai aka ji murya daga gado, a dushe.

"Khairiyya."

"Na'am, Baba."

"A wurin aiki muke."

Ta gyara tsayuwa. "Na'am, Sa." Haka dokarsa take, a gida Baba, a shago Sa.

Ya juyo a hankali, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. "Idan wata tsohuwa mai tsiwa ta zo ta ce ki buɗe kwaba ba takarda, me za ki ce mata?"

"In ce ta yi haƙuri ta je wurin likita."

"Idan ta yi kuka fa?"

"In raka ta."

"To raka ni. Hau keke ki je asibiti, ki nemi likitana, ki ce ciwon ya ƙaru. Ya rubuta sabuwa."

Delu ta tafa hannu. "Baban Jacinta, ni ce tsohuwa mai tsiwar? To na ji. Amma wannan wane irin taurin kai ne, mutum na kwance bango ɗaya da maganinsa?"

"Goggo," ya ce, sai ya dakata har wani murɗa ya wuce. "Duk ƙwayar da ta fita daga kwabar nan, sai an tambayi inda ta je. Ni ba za su same ni ba, na riga na yi gaba. Ita za su samu. Yarinyar da ba ta karɓi lasisi ba tukuna, a ce a hannunta magani ya fita ba takarda. Shi ke nan, an rufe mata ƙofa tun ba ta shiga ba."

"Wa zai sani?"

"Ita."

Khairiyya ta yafa mayafi. Ta rasa inda za ta ajiye makullin. Ba ta son mayar wa Elizabet, wadda ta juya baya tana kuka, shi kuma ya sake rufe ido. Sai ta sa shi a cinyar kakarta ta fita. Delu na jin ta a waje tana tsayar da mai keke.

To, ranar Asabar ce. Aka yi rashin sa'a likitan na ɗakin tiyata. Khairiyya ta bugo waya ta ce tana zaune a bakin ƙofa tana jira. Ta sake bugowa, har yanzu dai. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, Elizabet ta ɗauki mafici tana yi masa fifita tana rera wata waƙar coci da harshensu, muryar na karyewa. Nishin nan da yake ɓoyewa ya daina ɓoyuwa. Ya kama ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa suka fito. Delu ta haifi 'ya'ya, ta yi jinyar miji, ta wanke gawa ba ɗaya ba, amma ba ta taɓa jin babban mutum mai kunya irin wannan yana kiran uwarsa ba.

Delu ta miƙe. Ta bi ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa tsakar gida da shago. Ƙofar ta yi ƙarar da ta saba yi.

Cikin shagon da duhu-duhu, ga ƙamshin nan na magani da ta sani tun tana kawo yara da zazzaɓi. Ta zagaya bayan kanta, inda ba ta taɓa takawa ba. Karatun boko dai ba ta yi ba, amma ta sha ganin kwalin a gefen gadonsa, fari ne mai jan layi, za ta gane shi. Ta zura makulli a ramin kwabar. Ya shige sumul, kamar dama jiran ta yake.

A nan idonta ya faɗa kan farar rigar Khairiyya, rataye a ƙusa gefen kwabar, an ɗinke sunanta da shuɗin zare a ƙirji. Delu ce ta wanke ta shekaranjiya, ta sa mata bula, tana mita wai rigar ta fi mai ita tsabta. Can sama da rigar kuma lasisin Baba Ernest ne a cikin gilashi, wanda yake sabuntawa duk shekara, ya hau kujera da kansa ya goge shi da hannun riga.

Daga cikin gida ta ji ya sake yin ƙara.

Ta daɗe a tsaye, yatsunta a kan makulli. Ta ce a ranta, Allah kana gani. Sai ta zare shi. Ta ɗaure shi a bakin zane, ƙulli biyu, ta koma ta zauna inda take, ta karɓi maficin daga hannun Elizabet. Hawaye na zuba, tana fifita, tana yi masa faɗa.

"Ka ji daɗi. Ka mai da ni muguwa da tsufana."

Bai buɗe ido ba. Amma ta ga gefen bakinsa ya motsa.

Sai bayan la'asar Khairiyya ta dawo, ƙafafunta duk ƙura, takarda a hannu. Za ta wuce shago da gudu Baba Ernest ya ɗaga yatsa.

"Ba ki da izinin bayarwa ke kaɗai. Sai ina wurin."

"Sa, ba za ka iya tashi ba."

"To a ɗauke ni."

Aka kira maƙwabta biyu daga majalisar bakin masallaci, suka ɗauko shi a kujerar roba kamar jariri, suka ajiye shi a bayan kanta. Ya nemi tabarau. Ya ce ta sa rigarta. Ta sa cikin sauri har ta saɓa maɓalli.

"Karanta mini."

Ta karanta sunan majinyaci, ta karanta sunan magani da ƙarfinsa da yadda za a sha.

"Sa hannun likita fa?"

"Akwai, da hatimi."

"Kwanan wata?"

"Na yau ne."

"Majinyacin yana shan wani magani da zai yi faɗa da wannan?"

"Na duba, Sa. Babu."

"Kin tabbata? Na ji an ce tsohon nan gardama gare shi."

Ta yi dariya da kuka a haɗe. Delu ta kwance bakin zane ta miƙa makullin. Ya bi hannunta da kallo, ya dubi ƙullin da ta kwance. Khairiyya ta buɗe kwaba, ta ɗauko, ta nuna masa kwalin, ya gyaɗa kai. Ta rubuta abin da ake rubutawa, ya sa hannu a ƙasa, layin ya karkace. Sannan ta ba shi ƙwayar da ruwa, ta tsaya ta yi masa bayanin yadda zai sha kamar baƙon da ba ta taɓa gani ba, shi kuma ya saurara har ƙarshe.

"Na gode, famasis," ya ce.

"Ban zama ba tukuna, Sa."

"Na sani."

Ya samu barci ranar. Kwanakin da suka biyo baya ma ya same su da sauƙi, har ya sha kunun Delu ya ce sukari ya yi yawa. Wata safiyar Laraba, Elizabet na share tsakar gida, ta shiga ta tarar ya tafi, tabarau a ƙirji.

Aka kai shi Kaltungo. Jekadafari ta cika mota biyu, masu hula da masu ɗankwali, Delu a gaba da ƙullin goro. Liman da kansa ya shiga gidan ya yi wa Elizabet ta'aziyya.

Bayan an share makoki shagon bai buɗe ba, don lasisi ba gado ba ne, yana bin mai shi. Mutanen hukuma suka zo, suka duba abin da ke kwabar, komai ya yi daidai, suka kwashe. Wani ya kawo shawarar a yi hayar takardar wani famasis da ke zaune a Abuja a rataya, a ci gaba da ciniki. Wani kuma ya nemi a ba shi wurin ya sa sana'ar cajin waya. Elizabet ta ce su sha ruwa su gaida gida. Ita kuwa Khairiyya ta yi ta yawo da takardunta har ta samu wani asibiti ya karɓe ta ta ƙarasa shekararta.

Ranar da za a sauke lasisin daga bango, Elizabet ta aika a kira Delu. Su biyu ne a shagon. Elizabet ta hau kujera, Delu ta riƙe mata ƙafar kujerar. Da gilashin ya sauko sai ga gurbinsa a bango, fari tas, fentin wurin bai taɓa ganin rana ba.

"A cire ƙusar?" in ji Delu.

"Bar ta."

Elizabet ta sa hannu a jaka ta fito da baƙar igiyar takalmin nan, makullin kwabar a jiki.

"Ya ce ke zan ba."

"Ni? Ba yarinyar ba?"

"Ya ce ba yanzu ba. Ranar da ta kawo nata lasisin, da sunanta a jiki, ki ba ta da hannunki."

"Maman Jacinta, kwabar fa babu komai a ciki. Kuma ni da ban san bihim ba, yaya zan gane takardar gaskiya ce?"

"Ya ce ki gwada ta a gurbin can. Idan ta rufe farin, ita ce." Elizabet ta share ido da bakin ɗankwali. "Ya ce ya ji ƙarar ƙofa ran nan. Ya ji shigarki, ya ji fitarki."

Delu ta miƙa hannu. Ta karɓa ta rataya a wuya, ta tura shi cikin riga.

Yanzu Khairiyya na can kudu tana bautar ƙasa, takan bugo waya ta ce ruwan sama ya ishe ta. Shagon na nan a rufe, rubutun allonsa ya fara koɗewa. Kullum da safe, idan Delu ta share ƙofar gidanta, sai ta zarce da tsintsiya har bakin shagon, ta kwashe ledoji da ganyen dalbejiya. Idan ta sunkuya makullin yakan zamo daga wuyan rigarta yana lilo. Sai ta tsaya, ta mayar da shi ciki, ta ci gaba da shara.