Hannun Suruki

Gasar ces ɗin, wato darar Turawa, ta kowa da kowa ce, shi ya sa zagayen ƙarshe ya haɗa Mai-walda da surukinsa. In Mai-walda ya ci, kofin 'yan koyo nasa ne. Zauren makaranta aka ara, tebura a jere, fanka ɗaya na kuka a sama, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin agogon wasa.

Ya daɗe yana jiran ranar nan. Tun da ya auri 'yar tsohon, duk sanda suka buga a tsakar gida shi ke shan kashi, a kuma raka shi da dariya: "Koma wa ƙarfenka, ɗana."

Yau kam ya ritsa shi. Sarkin tsohon ya maƙale a lungu, sojojinsa sun toshe masa hanya. Da zarar dokin Mai-walda ya yi tsalle, sarauniya ta biyo baya, magana ta ƙare. Ya ɗora yatsunsa masu tabon wuta a gefen allo, yana jira.

Tsohon ya tura soja, ya danna agogo, ya dafe ƙugu yana nishi. Sai ya miƙo hannu ta saman allo.

"Ɗana, ciwon bayan nan ya matsa mini. Mu tashi canjaras."

A dokar wasa yana iya ƙi. Amma wa zai bar hannun uban matarsa a rataye, jama'a na kallo? Kafin ya yi tunani, hannunsa ya riga shi. Alƙalin wasa ya ba kowa rabin maki, ya kwashe allon. Kofi ya tafi wurin wani mai kanti da ko riƙe doki bai iya ba.

A bakin ƙofa ya tsinci muryar tsohon cikin abokansa: "Sassauta masa na yi, kada 'yata ta sha ɗaurin fuska."

 Mai-walda ya haɗiye maganar, ya tada babur. Tsohon ya ɗare baya kamar saurayi, ba ko nishi.

Sai da suka yi nisa ya matso kusa da kunnensa.

"Dokin nan fa, ka gan shi?"

"Na gani, Baba."

"Ni ma na gani." Ya yi 'yar dariya.

Layin gidan tsohon duk ramuka ne. Mai-walda ya san kowanne, kullum kauce musu yake in ya ɗauko shi. Yau bai bar ko ɗaya ba.

"Kai! A hankali mana!"

"Yi haƙuri, Baba. Ya bayan?"